Man Tunkiya a Cikin Albarushin Merv

Bevan ya ja, hannun injin ɗura harsashi ya ƙi dawowa.

Ya sake ja, ko gezau. Ya sa hannu biyu, ya tokare ƙafar tebur da takalminsa, ya fizga da irin ƙarfin da yake kayar da rago ranar askin tumaki. Wani abu ya ce ƙas. Hannun ya sauko sakayau, amma abin da ya biyo shi ɗan guntun gindin kwanson harsashi ne kawai. Sauran kwanson yana can maƙale cikin mazubin ƙarfen da ke matse shi ya koma daidai girmansa.

Da mazubinsa ne, da ya zagi kansa ya jefar. To ba nasa ba ne. Na surukinsa ne, Merv Tonkin.

A farkon makon Merv ya zo gonar, ya shiga rumfar aikin Bevan, ya turo ƙofa a bayansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye bokitin kwansuna, da kwalbar fesawa, da mazubin a naɗe cikin tsohuwar safa. Sannan ya miƙo hannayensa biyu. Gaɓoɓin sun kumbura, yatsun sun karkace kamar saiwar itace.

"Kunama dai ina iya ja," in ji Merv. "Amma in ɗauki 'yar hular wuta in sa a gindin kwanso, sai ta zame min ta faɗi ƙasa. Asabar ce karawarmu ta harbi da garin Wirrabool, kuma daga ita na ajiye. Ka ɗura mini. Kada kowa ya ji, yaro, har matarka."

Tun kafin a haifi Bevan, Merv yake harba wa garinsu Koorinda a gasar harbi ta cin garkuwa, kuma ba a taɓa ganin harsashin kanti a akwatinsa ba. Duk yankin an san na Merv na Merv ne. Mazubin ma an san shi: yayansa marigayi Stan ne ya sassaƙa shi da hannunsa, daidai da cikin bindigar Merv, ba shi da na biyu.

"Ka kwantar da hankalinka," in ji Bevan a ranar, yana shafa sabon injinsa. "Wannan ba irin naka ba ne na ɗaya bayan ɗaya. Ja guda, wannan ya matsu, wancan ya sami hula, na gaba albarushi, na ƙarshe kai, ga gamamme ya faɗo. Kafin ka gama labarin ruwan bara na cika akwatin."

Merv bai ko kalli injin ba. Kwalbar ya nuna, wadda ya haɗa man gashin tunkiya da sifirit a ciki. "Ka kwantar da su a kan tawul, ka fesa kaɗan, kada ya shiga bakinsu. Sai ka je ka sha shayi. In sifirit ɗin bai tashi ba, man bai kama ba. Injinka ba ya shan shayi, na sani, amma kai ka sha."

Bevan ya yi dariya. Yanzu ga yammacin Juma'a, ga shi ya dawo a makare daga gyaran famfon garke, ga shi garin sauri ya ɗebo kwansuna daga ɓarin da bai ko fesa ba.

Abin da ya kamata ya yi, ya sani. Ya ɗauki waya ya kira tsohon, ko ya kai mazubin wurin maƙerin bindiga a gari, wanda ke da abin zare irin wannan cikin lalama. Amma maƙerin ɗan ƙungiyarsu ne, kafin gari ya waye labari ya zaga. Sai ya ɗaure mazubin a matsi, ya ɗauko guduma da ƙusa. Ya buga, kwanson ya ƙara shigewa. Ya ɗauko injin huda. Bakin ya ci tagullar kwanson, ya ci, sannan ya zame gefe da wata ƙara mai tsinka haƙori.

Da ya haska ciki da tocila, ya ga doguwar tsaga a bangon da Stan ya goge kamar madubi.

"Bev!" Muryar matarsa Kerryn ce daga baranda. "Ka ƙulla aure da injin nan ne? Abinci na hucewa!"

"Ina zuwa!"

Ya mayar da mazubin cikin safar, ya tura shi ƙarƙashin kujerar a-kori-kurarsa, can inda igiyoyi da tsumma suke. Ya ɗaura nasa na kanti a injin. Wannan karon tsoro ne ya riƙe kwalbar. Ya juye kwansunan cikin leda, ya fesa, ya fesa, ya girgiza, ya ƙara fesawa, har man yana taruwa a gindin ledar. Ba wanda zai sake maƙalewa. Shayi kuwa bai ko tuna da shi ba. Ya ɗora su da danshinsu, hannun injin yana tafiya sumul, harsasai suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Ya goge bayansu da tsumma har suka yi ƙyalli, ya jera su a akwatin katakon Merv, ya ce wa kansa ai tsohon ba zai gane ba.

Gudun gara ya faɗa gidan zago, bai sani ba.

Filin harbin Koorinda yana bayan rumbunan alkama, kuma ranar garkuwa har waɗanda ba su san gaban bindiga da bayanta ba sukan zo. Motoci sun jeru a inuwar itatuwa, hayaƙin tsiran-alade yana tashi, Kerryn da sauran mata suna yanka burodi a teburin shayi. 'Yan Wirrabool sun iso da wuri, Clarrie Nitschke a gabansu da hularsa mai faɗin faifai. Shi da Merv sun shekara da shekaru suna zagin juna a wannan fili, ba wanda ya gaji.

"A'a, Tonkin, kana raye?" in ji Clarrie. "An ce mana bana a keken guragu za a turo ka."

"Na ji an ce ka sayi sabon tabarau," in ji Merv. "Wannan karon ka duba lambar allon kafin ka harba, kada ka sake ba mu maki kyauta."

Aka kwashe da dariya. Clarrie ya juyo kan Bevan. "Ga Injiniya ma. Yaya masana'anta? An ce harsashi yana fitowa daga rumfarka kamar kashin awaki."

Bevan ya yi yaƙe, ya miƙa wa surukinsa akwatin ta bayan mota, inda ba mai gani. Merv ya buɗe. Ya ɗauki guda, ya juya shi a tsakanin karkatattun yatsunsa, ya shafa kafaɗar kwanson da babban yatsa, ya kai shi hanci. Ya ɗago ya dubi Bevan. Kallon bai daɗe ba, amma Bevan ya ji shi har tafin ƙafarsa.

"To," in ji Merv, ya rufe akwatin.

Da layinsa ya zo, ya kwanta rub da ciki a kan tabarmarsa, ya ɗaura maɗaurin bindiga a damtse. Bevan ya tsaya a baya cikin 'yan kallo. Harbin farko ya shiga kusa da tsakiya. Ya saki numfashi. Na biyu ya sauka ƙasa sosai. Na uku ya hau. Na huɗu ko allon bai taɓa ba, sai ƙura da ta tashi can gaba da shi.

"Iska ce?" in ji wani.

"Wace iska? Dubi tutoci, a kwance suke kamar wanki."

Merv ya buɗe sakata, ya sa wani, ya daɗe yana saiti. Ya ja kunama.

Fus.

Ba ƙara ba ce, tari ne. Bindigar ko motsi ba ta yi a kafaɗarsa ba. Hannun Merv ya tafi wajen akwati don ɗauko na gaba, al'adar shekaru, ga toshiyar kunne a kunnuwansa.

"Tsaya!" Glenys Rowe, mai kula da fili, ta yi tsawar da ta tsayar da layin gaba ɗaya. "Kowa ya buɗe sakata! Merv, ɗauke hannunka daga akwatin nan!"

Ta durƙusa, ta zare sakatar, ta leƙa bututun. Ba haske. Kan harsashin yana maƙale a ciki. Da ya ɗora wani a kai ya harba, da ƙarfen ya tarwatse a gefen fuskarsa. Ba maharbin da ke wurin da bai san haka ba. Bevan ya hango Kerryn ta baro teburin shayi, wuƙar burodi na hannunta.

Aka kawo sandar wanke bindiga aka turo kan ya faɗo. Glenys ta ɗauki akwatin zuwa teburin maki, mutane suka biyo ta. Ta zare kan wani harsashi da filaya, ta kifa kwanson a tafin hannunta. Ba abin da ya zubo. Ta ƙwanƙwasa, sai albarushin ya faɗo a dunƙule kamar jiƙaƙƙen sukari. Ta shinshina.

"Warin rumfar askin tumaki," ta ce. "Man tunkiya ne. Har cikinsa." Ta buɗe wani, haka. Ta dubi tsohon, muryarta ta sauko. "Merv, kai ka ɗura waɗannan?"

Merv ya tashi zaune da ƙyar, ya cire toshiyar kunnensa. Bai dubi inda Bevan yake ba.

"Akwatina ne," ya ce.

Bevan ya ji ƙus-ƙus a bayansa. Wata murya ta ce, "Shi da ya koya mana a bar su su sha iska?" Wata ta ce, "Shekaru ne. Haka Babana ya fara, sai ka ga ya bar famfo a buɗe." Amma abin da ya fi soke shi Clarrie ne. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ya cire hularsa, ya dafa kafaɗar Merv a hankali, kamar mai gaisuwar asibiti.

"Ba komai, abokina," in ji Clarrie. "Zo ka zauna a inuwa. Kowa da ranarsa."

Bevan ya ga wuyan tsohon ya yi ja. Zagi da ya ɗauka da dariya. Tausayin ne ba zai iya haɗiyewa ba.

"Dole in sauke ka daga layi," in ji Glenys. "Ka san doka, kai ka koya min ita. Kuma kwamiti zai zauna a kanka kafin ka sake riƙe bindiga a filin nan. Ka yi haƙuri, Merv."

Haka ke nan za a rufe labarin. Ba za a ce mutumin da ya ɗauko wa Koorinda garkuwa sau ba adadi ba. Za a ce tsohon nan da ya rikice har ya kusa fasa kansa. Kuma Merv zai bari a faɗa, don in ya ce ba shi ba ne, za a tambaye shi dalilin da ya ba wani.

Bevan bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Ni ne."

Aka waiwayo. Fuskokin duk ya san su, da wasu ya yi makaranta, wasu ya sayi raguna a hannunsu.

"Ni na ɗura su." Muryarsa ta fito siririya, ya gyara ta. "Na dame shi ne. Mako da mako ina binsa ya bar ni in gwada injina a kan harsasansa, don a gani a fili. Ya gaji ya ba ni. Ya ce in fesa kaɗan in jira, ni kuwa na yi musu wanka na ɗora a jiƙe."

Glenys ta daɗe tana kallonsa. "Bevan, kai yaron kirki ne," ta ce. "Kowane suruki na gari abin da zai faɗa ke nan. Amma Merv Tonkin ya ba wani ya ɗura masa? Ranar garkuwa? Ka nemi wani ka faɗa wa."

Wasu suka gyaɗa kai. Har wata ta yi masa murmushin yabo, ya ji kamar ta watsa masa ruwan zafi.

Ya juya ya nufi motarsa. Tafiyar ba ta da nisa, amma ya ji idanu a gadon bayansa har ya kai. Ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin kujera, ya taɓo safar. Ya tsaya a haka ɗan lokaci, goshinsa a jikin ƙofar motar mai zafi. Sannan ya dawo, ya warware safar, ya ajiye mazubin a kan teburin maki.

Guntun tagulla yana leƙowa daga bakinsa, duk ya tauye da guduma. Sunan Stan yana nan a gefe, inda ya buga shi da kansa.

"Na fara ɗora busasshe ya maƙale," in ji Bevan, idonsa a ƙasa. "Na sa guduma, na sa injin huda. Ku haska ciki ku gani. Da na lalata shi na ji tsoro, na sa nawa, na cika mai. Bai sani ba."

Glenys ta ɗaga mazubin wajen rana, ta leƙa, ta ja tsaki mai tsawo. Ta miƙa wa Merv. Tsohon bai leƙa ba. Ya riƙe shi kawai a tafin hannunsa, yana shafa sunan da yatsa.

"Bevan," in ji Kerryn. Sunan kawai ta kira, cikakke, ba Bev ba. Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Clarrie ya mayar da hularsa, ya dubi Bevan sama da ƙasa, fuskarsa ta fara komawa yadda aka san ta.

"Tabɗi! Injiniya, ashe ba masana'anta gare ka ba, wurin suya ne!" Ya juya ga Merv, ya ɗauke hannunsa daga kafaɗarsa kamar ya taɓa garwashi. "Kai kuma tsohon banza, ka bar ni ina ta lallashinka kamar na zo jana'iza? Ka ba wannan ya ɗura maka? Ai gara ka ba karena!"

"Karenka ya fi ka saiti," in ji Merv.

Dariyar da ta tashi a kan Bevan ta sauka, ya sunkuyar da kai ya karɓe ta. Glenys ta ce laifin ba na mai harbi ba ne, in an duba bututun an ga lafiya, kuma yana da harsashi mai kyau, zai iya komawa layi. Na Bevan kuwa, daga yau ba ɗaya da zai shiga filin nan sai ta buɗe shi ta gani da idonta.

Clarrie ya je motarsa ya dawo da kwalin harsashin kanti, ya dangwarar a kan tabarmar Merv. "Ungo. Ba na son a ce na ci ka don ba ka da abin harbi."

Merv ya dubi kwalin kamar an miƙo masa abincin kare. Sannan ya kwanta, ya ɗaura maɗauri. Bevan ya ga yadda yatsun suka yi ta fama da bakin kwalin, ya taka zai je, ya tuna, ya tsaya. Tsohon ya buɗe da haƙori, kamar don raini ya yi. Ya harba layinsa har ƙarshe, kuma bai sake barin baƙin allon ba. Makin da ya zubar a farko dai sun zube. Wirrabool ta tafi da garkuwa, Clarrie yana ɗaga ta ta tagar mota yana ihun a gaishe masa da mai suya.

Kerryn ta ce za ta tsaya wanke kofuna, wata za ta sauke ta. Ba ta dubi mijinta ba. Sai ya rage Bevan da Merv a motar, titin tsakuwa yana ƙara a ƙarƙashinsu, safar tana kan cinyar Merv.

Sun wuce rumbunan alkama kafin Bevan ya iya magana.

"Ka gane tun da ka buɗe akwatin."

"Kafaɗarsu ba ta mazubin Stan ba ce. Ko a duhu na san ta." Merv yana kallon gonaki. "Na zaci mazubin ne kawai ka canza. Ban san ka yi musu miya ba."

"To me ya sa ka harba?"

"Da in ce me? In ce ba nawa ba ne, a ce na wa?" Ya ɗaga hannunsa ɗaya, ya dube shi, ya mayar. "Da tun farko na faɗa wa Glenys, da ta ɗura mini a kicin ɗinta tana zagina. Girman kai ya kusa cire mini ido yau, ba kai kaɗai ba."

"Zan nemi wanda zai gyara shi. Ko a birni ne."

"Ba ya gyaruwa."

Bevan ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya so tsohon ya zage shi, ya kira shi sakarai, ya ce ya sauke shi a nan. Merv bai yi ko ɗaya ba. Sai da suka kai ƙofar gonarsa, ya buɗe mota, ya sauke ƙafa ɗaya, sannan ya juyo.

"Wannan maganar da ka yi, wai kai ka dame ni. Sunan mai suya zai bi ka har kabari, ka sani ko?"

"Na sani."

Merv ya gyaɗa kai. Ya cusa safar a aljihun rigarsa, ya sauka da ƙyar, ya jingina da ƙofar.

"Sauran na akwatin duk sai an warware su, ɗaya bayan ɗaya, a wanke. Da hannu, ba da injinka ba. Gobe ka zo da kwalbata." Ya tura ƙofar, ya leƙo ta taga. "Kai za ka ɗora butar shayi."